Naggen Namadi ta Ƙarfe

Namadi na Tajaye dogo ne siriri, irin mutanen da idan suka zauna a tabarma gwiwoyinsu ke kaiwa kunne. Bafulatani ne gaba da baya. A bayan shanu ya tashi, a bayan shanu gemu ya fito masa, sai wata muguwar shekara ta zo ta share garken, ta bar shi da sanda da malafa da ido. Idon nan shi ya ci gaba da ciyar da gidansa. Ya koma dillancin dabbobi, yau Gidan Idar, gobe Malbaza, jibi Ƙonni. Kallo ɗaya zai yi wa sa ya gaya maka shekarunsa, da cutar da ya yi bara, har da halin mai shi. Ba ya ƙarya a ciniki, shi ya sa har yau bai yi arziki ba.

Ana saura kwana uku Layya ya kai wa wani tsoho rago a Ƙonni. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kowa Muse Alkasum yake ce masa. Ba'are ne daga Dogon Dutsi, aiki ya kawo shi Ƙonni, ya yi ritaya ya ƙi komawa. Tsakanin Arawa da Fulani kuwa akwai wasa tun kakanni, sai dai su gaisa da zagi su rabu da dariya.

Namadi na shiga zaure ya saki igiyar ragon. A jikin bango an rataye wani keke ja wanda ya koɗe, irin na tsere, tayoyinsa ba su fi yatsa kauri ba, kansa ya lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago. Wani Bafaranshe da suka yi koyarwa tare ya bar wa Muse shi fiye da shekara arba'in da suka wuce. Namadi ya matsa kusa, ya shafa bayansa, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ta ƙarƙashi, ya ja da baya ya karkata kai. Mutumin da ya ga shanu dubu bai girgiza ba, ga shi nan baki buɗe gaban ƙarfe mai tsatsa. Ragon kuwa ya samu sarari ya shige cikin gida yana cin shanyar mata.

"Muse, wanga abu na saidawa na?"

"Kai ɗan Hillo, mi kas sani ga keke? Wanga ba shi ba da nono."

"Ni dai hwaɗa min kuɗinai."

"In saida ma Bahillace keke? In an ji Dutsi ina za ni sa kaina?"

Sau uku Namadi yana komawa. A zuwa na uku ya je da kuɗi a ƙulle da tunkiya mai ciki, ya zauna a zauren tun hantsi har azahar, ba ya ko kallon mai gidan, bango yake kallo. Muse Alkasum ya dube shi, ya dubi gwiwoyin kansa da suka daina lanƙwasuwa tun tuni. Tausayi ya kama shi, amma Ba'are ba ya yi wa Bafulatani kyauta haka kawai, sai ya haɗa da tsiya.

"To ji nan. Ku ba kuna da wata al'ada ba, habbanaye? Ɗauke shi habbanaye. In yah haihu sau ukku ka maido min uwa."

Habbanaye dai abu ne na makiyaya. Mai shanu ya ba wanda ba shi da su karsana, ya riƙe ta har ta haihu sau uku. 'Ya'yan nasa ne, uwar kuma a mayar wa mai ita cikin mutunci. Da haka garken da ya mutu ke tashi. Muse ya faɗi maganarsa ya fashe da dariya har da tari, don a nufinsa ya ba da keken ke nan har abada. Yaushe keke zai haihu? Namadi bai yi dariya ba. Ya fita ya kira maƙwabta biyu suka zama shaidu, aka shafa Fatiha, ya sauke keken daga bango da hannu bibbiyu. Kafin ya kai tasha ya raɗa masa suna Nagge, wato saniya, kuma daga ranar bai yarda kowa ya ce mata "shi" ba.

Makon farko ƙasa ce ta fi ganinsa. Babbar rigarsa ta shiga sarƙa ta yage har hammata, dole ya koma ɗaure riga a ƙugu. Daga gidansa zuwa kwalta rairayi ne da ƙaya, tayoyin nan kuwa ko ƙayar tsidau suka hango sai su sace. Saboda haka kullum da safe sai ya saɓa Nagge a kafaɗa ya yi tafiyar rabin awa kafin ya hau. Mutanen Tajaye suka ce ai adalci ne, ta ɗauke shi ya ɗauke ta. Birkin kuma ba ya tsayar da komai, ƙara kawai yake yi don wanda za a buge ya shirya.

A Malbaza akwai wani mai gyaran keke, Rabilu, magidanci mai tumbi, iyayensa daga wajen Sakkwato suka hauro. Yana sayen kekunan gwanjo da ake kawowa daga Kwatano, ya farke su ya sayar da kayan ɗai-ɗai. Ya ɗaga Nagge da yatsa biyu, ya yi fito.

"Baffa, wagga gangar jiki ba a yin irinta yanzu. Amma dut abin da ar rataye gare ta ya mutu. Bari mu yi mata kayan zamani."

Aka fara da birki da sirdi, sannan wili biyu na alminiyam, da sarƙa, da giya. Faɗa da baki ke nan. Kayan Faransa na da da kayan yanzu ba sa ga maciji. Wannan zarensa ya juya hagu, wancan ya juya dama, wani ya yi kauri, wani yana lilo a cikin rami. Rabilu ya goga abin gogawa, ya yanka gwangwanin tumatir ya cike inda ya yi sako-sako. Da aka zo sa wilin baya, ya ƙi shiga, don ƙafafun Nagge na baya sun matse. Rabilu ya kira wani mai faci, kowa ya kama ƙafa guda, suka taka suna ja. Namadi ya juya fuskarsa ga bango yana salati, ya ce kada a kira shi sai an gama.

Amma fa da aka gama! Ranar da ya fara hawa daga Malbaza zuwa Tsarnawa, iska ta cika masa riga, ya wuce amalanke, ya wuce wani ɗan kabu-kabu mai ɗauke da buhun albasa, ya ji wani daɗi ya taso masa daga ciki wanda rabonsa da shi tun yana saurayi. Ya yi ihu shi kaɗai a kan hanya, irin ihun da ake yi wa shanu. Daga baya Rabilu ya ɗaura masa wani ɗan agogo mai nuna gudu. Shi ke nan, duk wanda ya wuce sai ya sanar da shi: "Talatin da biyu!" Har jakuna ya gaya wa.

Tsofaffin kayan da aka cire kuwa bai yarda a jefar ko da ƙusa ba, don a cewarsa jikin amana ne. Ya tara su a buhu ya kai ɗakin matarsa Kaltume, ya ajiye kusa da ƙoren nononta. Kaltume mace ce mai haƙuri da miji, amma ba ta da haƙuri da buhu. Sau biyu tana tuntuɓe da shi, a na uku ƙwaryar kindirmo ta tafi. Ranar kasuwar Malbaza ta ɗora buhun a amalanke tare da nononta, ta dire shi gaban Rabilu ta ce ya yi yadda zai yi da shi. Rabilu yana da wata tsohuwar gangar keke a yashe, ya ɗaura mata kayan duka. Da la'asar Kaltume ta dawo gida da keke sukutum, mummuna, yana ƙara, amma yana tafiya.

Aka yi rashin sa'a Kawu Baƙo na zaune a ƙofar gida. Shi ne ƙanen mahaifiyar Namadi, tsoho mai shekara tamanin, wanda duk rigimar dabbobi a yankin wurinsa ake kai ta, kuma abin da ya yanke ya yanku. Ya zagaya sabon keken da sandarsa, ya dubi Nagge, ya sake duban sabon.

"Wanga sirdi, ba nata na ba?"

"Nata na, Kawu."

"Ƙahwahun ga hwa?"

"Nata na, amma…"

"Barka, Namadi. Nagge ta haihu. Saura biyu."

Kawu da gaske yake, kuma abin haushin, Namadi ma ya san da gaske ne. Shi da ya ɗauka sai mutuwa za ta raba shi da Nagge, ga shi kashi ɗaya cikin uku ya tafi saboda ƙwaryar kindirmo. Ranar bai ci tuwo ba.

Haihuwa ta biyu laifin wani rami ne da ke bayan Gidan Idar. Ya faɗa ciki yana kallon agogo, wili biyu suka karkace. Rabilu ya sa masa wasu masu ɗan faɗi, waɗanda ba sa tsoron ƙaya sosai. Namadi ya kawo karkatattun gida ya rataye a bayan rumbu, ya ce ai wili kaɗai ba ya zama keke. Gaskiya ne. Sai dai Kaltume ta gaji da ɗaukar jarka a ka daga rijiya. Ta sa aka miƙar da su, aka ɗora katako, aka yi mata kurar ruwa mai cin jarka huɗu. Namadi ya ruga wurin Kawu tun kafin a kai masa labari, ya ce wannan dai kura ce, ba keke ba ce, ba ta da kai, ba ta da sirdi, ba ta kama da uwar ko kaɗan.

"Daga jikinta tah hito?" in ji Kawu.

"Awo."

"Tana tahiya?"

"In an tura ta."

"Saniya in ta haihi mummunan maraƙi cewa a kai ba ta haihu ba? Saura guda."

Daga nan Namadi ya yi rantsuwa ba zai ƙara canza ko da ƙararrawa ba. Idan ya zo Malbaza sai ya bi ta bayan gari don kada ya ga rumfar Rabilu. Wata biyar ya yi a haka, kuma wanda ya san shi ya san ya yi ƙoƙari. Sai ranar nan Rabilu ya tare shi a kasuwa, ya buɗe wani tsumma. A ciki akwai hannun birki irin na yanzu, wanda idan ka matsa ya tsaya, idan ka tura gefe ya canza giya, ba sai ka saki kai ka laluba ƙasa ba. Ga kuma sababbin feda da faifansu, baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli. Namadi ya ce a'uzubillahi, ya tafi. Ya kai bakin kasuwa ya dawo.

Wannan karon ya yi dabara, a ganinsa. Bai kai tsofaffin kayan gida ba, inda Kaltume take. Ya bar su wurin Rabilu, bayan ya sa shi ya rantse cewa ba zai haɗa wani abu mai tafiya da su ba. Rabilu mutum ne mai cika alkawari. Bai haɗa abu mai tafiya ba. Wani maƙeri ne daga Tajaye ya zo yana kukan zuga-zuginsa na fata ya fashe, Rabilu ya ɗauki fedar Nagge da faifai da sarƙa, ya haɗa da wani wili da fanka, ya yi masa na zamani, wanda ake juyawa da hannu iska ta fita ta bututu. Maƙerin ya kafa shi a maƙerarsa, taku arba'in daga inda Kawu Baƙo ke shan hantsi.

Rabin gari ya taru. Namadi ya zo da hujjarsa a shirye, har yana murmushi.

"Kawu, kai da bakinka kac ce sai abin da ka tahiya. Wanga a kahe shi ke. Ko an tura shi ba shi zuwa ko'ina."

Kawu ya ce wa maƙerin ya juya. Ya durƙusa da ƙyar, ya kara tafin hannunsa a bakin bututun, ya daɗe a haka idonsa a rufe. Sannan ya ɗago.

"Yana lumhwashi."

Babu wanda ya yi dariya sai Kaltume, ita ma da ta ga fuskar mijinta ta daina.

Ba a mayar da habbanaye a rame. Namadi ya kwana biyu yana wanke Nagge, ya bi sarƙa da mai ƙwaya-ƙwaya, ya goge wili har yana ganin haƙoransa a ciki. Kaltume ta ba da kwalbar man shanu a kai wa mai ita. Ya saɓa Nagge zuwa kwalta, ya hau, ya nufi Ƙonni. Bai yi gudu ba, bai gaya wa kowa lamba ba. Tafiyar da ya saba yi kafin rana ta yi zafi sai da ta kai shi azahar.

Ya tarar da Muse Alkasum a ƙofar gida a kujerar roba, da maƙwabta suna hira, ciki har da shaidun nan biyu. Shekara uku ke nan, tsohon har ya manta da zancen. Namadi ya gaisa, ya ajiye man shanu, ya ba da labarin haihuwa uku tiryan-tiryan: keke, kura, zuga-zugi. Mutane suka riƙe ciki. Muse ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da ya ɗauko hular ya dubi Namadi da kyau, sai dariyar ta tsaya. Mutumin ya rame, idonsa ya yi ja, hannunsa na kan sirdi yana shafawa bai ma sani ba. Muse ya gane in ya ce "na bar maka", ba zai karɓa ba, don al'ada ta riga ta yi magana. Sai ya nemo masa wata ƙofa. Ya sa tabarau, ya zagaya keken, ya taɓe baki.

"Wanga ba nawa na ba. Nawa ba ya da wanga baƙin abu, ba ya da agogo. Ban san shi ba. Kwashe abinka ka tahi, ɗan Hillo."

Ya ma ƙifta masa ido. Kowa a wurin ya ga ƙiftawar, kowa ya gane, ban da mutum ɗaya. Abin da ya shiga kunnen Namadi shi ne an ce, a gaban shaidu, an ba shi amanar dabba ya musanya ta. A wurin makiyayi babu zagin da ya kai wannan. Gara ka ce masa ɓarawo kai tsaye. Wasan Arawa da Fulani bai kai nan ba.

"Ni? Ni Namadi nim musanya?"

"Ba haka nic ce ba, cewa niy yi…"

"Ita ta! Wallahi ita ta!"

Ya kife Nagge a ƙasa, ƙafafu sama. Ya tofa yawu ya murje ƙarƙashinta da gefen riga har wasu lambobi da aka buga a jikin ƙarfen suka fito. Ya ce a kawo takardar keken, ai malamin lakwal ba ya yar da takarda. Muse ya ce ta ɓace. Sai wata murya daga cikin gida, ta uwargidansa, wadda ba ta san abin da ake ciki ba, ta ce tana nan cikin akwatin ƙarfe, ga ta nan ma. Muse ya rufe ido. Ɗaya daga cikin shaidun ya karanta lambar takarda, ɗayan ya tsuguna ya karanta ta jikin keke. Ko ɗigo bai bambanta ba.

"To, ita ta," in ji Muse a sanyaye. Ya sake gwada wata ƙofar. "Amma gangar jiki ɗai at tawa. Kayan ga naka na. Kwance abinka, ko ka tahi da ita hal ka samu lokacin kwancewa, ko shekara nawa na."

"In ka yi kiwon saniya tay yi ƙiba, yanke naman a kai kahin a maido ta?"

"Namadi, don Allah tsaya ka ji."

"Ba ni jin komi. Ku shaida na maido uwa lahiya lau, ta hi yadda anka ba ni ita."

Suka ce sun shaida. Shi da kansa ya tura ta cikin zaure, ya ɗaga ta ya rataye a ƙusoshinta biyu na da. Ya fito yana karkaɗe hannu, fuskarsa cike da annuri, ya nuna Muse da yatsa.

"Na kada ka, Ba'are. Gobe ka ƙara."

Muse Alkasum bai rama ba. Ya kira sunansa sau biyu, Namadi bai waiwaya ba. Ya bi lungu yana taku ɗai-ɗai, yana gaya wa mai shayi da mai kanti yadda ya kada malamin lakwal da takardarsa. Sai da ya fito bakin kwalta, ya tattare riga ya ɗaure a ƙugu, ya miƙa hannu biyu gaba, ya ɗaga ƙafar dama zai hau.

Ya daɗe a tsaye da ƙafa ɗaya, masu wucewa suna kallonsa. Sannan ya sauke ta a hankali, ya zauna nan gefen hanya, ya ja malafa ya rufe fuskarsa, ya yi kuka sosai.